Barmo da Mashigin Maiyashi

Duk direban da ya yi aikin hanyar Ƙonni zuwa Illela kafin shekarar 1989 ya san Tashar Barmo, ko da bai taɓa gaisawa da Barmon ba. In ka bar Tsarnawa ka miƙa arewa kan kwalta, akwai inda wata hanyar jar ƙasa take rabuwa ta hannun hagu. Ka bi ta kamar kilomita ashirin, sai ka gangara cikin wata korama mai faɗi da ake kira Maiyashi. Da ka haura, ga itatuwan dogon yaro a jere, ga rijiya, ga rumfuna. Nan ne. Na duba taswirori da yawa a buro, wato ofishinmu, ban ga sunan ba, amma a bakin direbobi ya zauna daram.

Barmo ƙanen mahaifiyata ne. An haife shi a wani ƙauye kusa da Dogarawa, takardarsa ta ce wajen 1935, shi kuwa ya ce shekarar da fara ta cinye gero. Da ƙuruciya ya yi ci-rani a Sakkwato da Jega, ya ɗauki kaya, ya yi kwaɓar ƙasa. Da aka zo shimfiɗa kwalta a babbar hanya sai ya shiga cikin leburori, a nan ya koyi yadda ake ɗaga bayan hanya don ruwa ya zube gefe. A 1971 buron hanyoyi ya ɗauke shi aiki. Aka ba shi shebur da diga da baro, aka kawo shi bakin Maiyashi a bayan kamyo, babbar motar kaya, aka nuna masa kilomita shida ta wannan gefe da shida ta wancan, aka ce rabonsa ke nan. Babu gida ko ɗaya a wurin a lokacin. Ya kafa bukka, ya koma ya ɗauko matarsa Hindu.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗa. Da ya idar da sallar asuba sai ya saɓa shebur ya bi hanya, yau gabas, gobe yamma. Inda rami ya fara, ya fasa marmara ya cike, ya yayyafa ruwa, ya daddanne da gindin turmi. Inda hanya ta yi gargada, ya ɗaura wa jakinsa tsohuwar taya ya ja ta a kai har ta kwanta. Amma ainihin aikin yana cikin koramar. Maiyashi ba ta riƙe ruwa, sai dai in an yi sama a kan tudu ta taho da ƙarfi kwana ɗaya ko biyu, ta wuce ta bar yashi mai laushi da yake haɗiye tayar mota har gindi. Barmo ya shimfiɗa duwatsu a ƙarƙashin mashigin, faɗin mota ɗaya. Kowane ruwa sai ya binne su, wani kuma ya tafi da rabinsu. Da ruwa ya janye sai ya shiga da sanda yana caccaka yashi har ya ji dutse, ya kafa itacen sabara a gefe da gefe don direba ya san inda zai sa taya. Wanda ya bi tsakanin itatuwan Barmo ya fita. Wanda ya yi gaggawa ya kwana.

Jiran nan shi ya haifi garin. Da damina motoci kan taru a bakin korama, fasinjoji da yunwa, sai Hindu ta fara dama fura. Daga fura aka koma tuwo. Wani mai faci ya kafa rumfa, wani mahauci ya biyo shi, wani malami ya zo da iyalinsa ya ce a share masa wurin salla. Barmo ya haƙa rijiya da taimakon mutum uku, ya dasa dogon yaro goma sha ɗaya yana ba su ruwa da baro. A yunwar tamanin da huɗu mutanen da suka baro ƙauyukansu suka tsaya nan saboda kamyon hatsi yana bi, wasunsu ba su koma ba. Lokacin da na dawo daga Aljeriya a 1986, bayan shekara bakwai ina karatun aikin ruwa, na tarar da gida arba'in da kasuwar ranar Talata a inda na bar bukkoki biyar.

Abu ɗaya ne ya hana Barmo sakewa. Can gabas da shi, kamar tafiyar rabin yini a ƙasa, akwai wata hanyar da ita ma take ƙetare Maiyashi ta bi ta ƙauyen Gidan Wakili ta ɓulla Illela. Ta fi tasa tsawo, ba ta da mai gyara, mota ba ta cika binta ba. Amma an daɗe ana cewa gwamnati za ta gina kadarko a kan koramar, guda ɗaya tak. Kowa ya san inda kadarko ya tsaya, nan motoci za su koma, inda motoci suka koma kuwa, nan gari zai bi. Shekara goma sha shida Barmo yana jiran wannan kadarko. Har ya zaɓa masa wuri, inda gaɓar biyu suka fi tauri, ba ya barin kowa ya ɗebi ƙasa a nan.

Hindu ita ce ba ta ɗokinsa sosai. Takan ce, "In an yi kadarkon, wa za shi tsaya shi sha furata? Fuu za su wuce."

Shi kuma ya ce, "In an yi shi Gidan Wakili, ko ƙurarsu ba ki gani."

A watan Satumba na 1987, ina aiki a buron ruwa a Tawa, wani abokina na buron hanyoyi ya gaya mini cewa kuɗin kadarkon sun samu. Wani babba zai taso daga Yamai tare da anasaran da ƙasarsu ta ba da kuɗin, za su bi hanyoyin biyu, su ga mashigin da ya fi wahalar da mutane, a nan za a yi aikin. Saura kwana goma. Ranar Asabar na hau motar Iliyasu na tafi.

Iliyasu taubashin Barmo ne, yana jan wata tsohuwar fijo mai buɗaɗɗen baya tsakanin Ƙonni da Illela. Tun suna yara ba su haɗu sun rabu ba tare da sun zagi juna ba. Muna gangarowa koramar na hango mutane kamar talatin a ciki, wasu da kwanduna a ka, wasu da fartanya, ga mai kalangu a gefe yana ba su ƙarfi. Ashe saƙon kwamanda, mai mulkin yankin, ya riga ni. An aiko wa mai gari cewa manyan baƙi na tafe, a shirya tarba. Sanusi sarkin samari ya tara Samariya, ƙungiyar matasan gari, Barmo yana gaba yana nuna inda za a zuba dutse.

Iliyasu ya leƙo ta taga ya ce, "Kai tsohon jaki, shekara nawa ina karya ƙafar mota nan ba ka tara mini mutane ba? Sai yau da za a zo da masu turare?"

Barmo ya ce, "Motarka ba ƙafa gare ta ba, sanda take dogarawa. Wuce ka ba mutane wuri."

Na jira har ya fito ya wanke hannu, muka zauna gindin dogon yaro, Hindu ta kawo fura. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, aikin nan da kuke yi, ku dakata da shi."

Ya dube ni. "Mi ya faru, Alkasum?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce baƙin ba ziyara ta kawo su ba, sun zo ganin ciwo ne. Na ce a bar ramuka yadda suke, a bar yashi, in ma da hali a cire itatuwan sabara ranar, motarsu ta kafe su ji abin da mutane suke ji.

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Can inda kuka yi karatun lakwal, haka ake tarbon baƙo? A haƙa mai rami?"

"Ba haƙawa za ku yi ba, Kawu. Bari za ku yi."

"Duk ɗaya. Mutum ya taso tun daga Yamai, ya sha rana, ya iso ƙofar gidanka, kai kuma ka zauna kana kallo motar tai ta nutse. In ta nutse sunan wa za a kira? Na kwamanda? Cewa za a yi wane ne mai rabon wurin ga, a ce Barmo. Shekara goma sha shida ba a taɓa kai ƙarata buro ba."

Na ce ba aikinsa za a auna ba, koramar za a auna.

Ya ce, "Ɗana, ni na ga manya kafin a haife ka. Babba, in ka girmama shi, shina tuna ka. In ka kunyata shi gaban anasara, shina tuna ka kuma, amma ba irin tunawar da kake so ba. Ko talaka in za shi roƙi sarki, rigarsa mai kyau yake sawa."

Sanusi da ya matso yana saurare ya ce ai ko sun so bari ba su isa ba, don kwamanda ya ce zai aiko jandarma ya duba shiri kwana biyu kafin ranar. Hindu kaɗai ta ce, "Yaron ga fa ya san halin masu takarda." Barmo ya ce mata ta ji da tukunyarta. Ni ma a lokacin ban tabbata ba ko shekarun da na yi a waje ne suka sa na manta abin da ya kamata.

Kwana tara suka yi. Na dawo ranar tarbar na kasa gane wurin. An kwashe yashin mashigin har ƙasa, an jera marmara kamar daɓen ɗaki, an bi ta da tsakuwa an daddanne. Duwatsun bakin hanya an shafe su da farar ƙasa tun daga kilomita biyu, haka gindin kowane dogon yaro. An kafa ƙofa da karan dawa an lulluɓe ta da zannuwan aro. Mata sun yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Barmo ya sa rigarsa ta salla, ya tsaya bakin gangara da shebur ɗinsa da ya goge har yana ƙyalli.

Wajen hantsi motoci biyar suka ɓullo. Suka gangara, suka ƙetare, suka haura, ko girgiza ba su yi ba. Na ga ɗaya daga cikin anasaran a kujerar baya yana rubutu a kan gwiwarsa, alƙalaminsa bai ko goce ba. Suka tsaya ƙarƙashin itatuwa, maroƙi ya yi kirari, babban ya sha ruwa ya karɓi ragon da aka ba shi. Ya tambaya wane ne mai kula da wurin, aka tura Barmo gaba. Ya kama hannunsa ya girgiza, ya yi magana da Faransanci, tafinta ya ce, "Ya ce da ƙasar nan tana da irinka ɗari, da ba ta buƙatar kuɗin kowa." Mutane suka yi guɗa. Duka tsayawar ba ta kai rabin awa ba.

Da yamma Barmo ya ce mini, "Ka ji abin da ya ce?"

Na ce na ji.

Abin da ya faru a ɗaya hanyar, Iliyasu ne ya kawo labarinsa washegari. Mutanen Gidan Wakili ba su da mai gyaran hanya, ba su da kayan aiki, saƙon kwamanda ma a makare ya same su, sai suka share dandali kawai suka jira. Motar farko ta shiga yashi ta zauna. Ta biyu ta zo ja ita ma ta zauna. Awa huɗu baƙin suka yi cikin rana, har aka ɗauko shanun noma aka jawo su. Babban ya fusata, ya wanke mai garin tas a gaban jama'arsa. Anasaran nan mai rubutu kuwa ya tuɓe takalmi ya shiga yashi yana ɗaukar hoto.

Barmo ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Allah ya raba mu da abin kunya."

Bayan wata biyar, kamyoyin siminti suka fara fitowa daga Malbaza suna bin hanyar Gidan Wakili. Barmo kuma aka aiko masa takardar yabo mai hatimi daga Tawa. Ya sa na karanta masa sau ɗaya, ya naɗe ta ya sa cikin akwatin Hindu, ban ƙara ganinta ba.

Aka buɗe kadarkon a 1989. Gari bai mutu rana ɗaya ba. Manyan motoci suka fara ɗaukewa, sannan ƙanana. Mai faci ya kwance rumfarsa ya ɗora a amalanke. Mahaucin ya riƙa yanka akuya ɗaya a mako, daga baya ya bi mai faci. Mutum in zai tashi sai ya zare azarar ɗakinsa da ƙyaurensa ya tafi da su, damina ɗaya ta isa ta mayar da bangon ƙasa. Kowa kafin ya tafi sai ya zo ya yi wa Barmo sallama, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi, Barmo kuma ya raka shi har ƙetaren korama, ya tura masa amalanke a hawa. Sanusi ma ya tafi, da Samariya ta watse. Kasuwar Talata ta koma tabarma huɗu. A 1991 aka sallami masu gyaran hanya irinsa gaba ɗaya. Wanda aka aiko karɓar kayan gwamnati ya ɗauki baro da diga, ya juya shebur ɗin ya ga bakinsa ya cinye saura kamar tafin hannu, ya ce a bar masa.

Da wannan shebur ya ci gaba. Ba wanda ya sa shi. Gida tara suka rage, da amalanken masu kai albasa da gero, da motar Iliyasu da take biyowa ranar Talata kaɗai, shi ma don Hindu ta ce in ya daina zuwa kada ya zo jana'izarta. In na ziyarce su nakan tarar da Barmo a hanya, ya rage sauri, yana cika rami ɗaya ya zauna ya huta. Bai taɓa ce mini na faɗa masa gaskiya ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba. Sau ɗaya dai, muna zaune bakin gaɓar da ya zaɓa wa kadarko, ya ce, "Wurin ga har yanzu da tauri."

A ƙarshen daminar 1995 abokin nan nawa ya sake kirana. Ya ce wata ƙungiyar waje za ta gyara hanyoyin karkara a yankin, kuma ya sa sunan mashigin Maiyashi cikin waɗanda za a duba. Ba kadarko babba ba, daɓen siminti ne da mota za ta bi ko da ruwa, amma zai isa ya dawo da masu neman gajeriyar hanya. Masu dubawa za su zo bayan mako uku. Na tafi da nauyin baki, don ban san yadda zan sake faɗar maganar ba.

Ban ma gama ba ya ce, "A bari, ko?"

Na ce, "A bari, Kawu."

Ya dubi Hindu, ya ce, "Ɗauki shebur ɗin ki ɓoye inda ban sani ba."

Ta jefa shi kan rumbu, tana sane da cewa gwiwarsa ba ta hawan tsani.

Aka yi ruwa biyu masu ƙarfi a cikin makonnin nan. Na farko ya binne duwatsun, na biyu ya tafi da itatuwan sabara ya yanke gangarar ta yamma. Hindu ta gaya mini daga baya cewa ba ta taɓa ganin mutum ya rame da zama ba sai a lokacin. Da asuba ya tashi ya kai ƙofa, ya tuna, ya dawo. Ya daina zama gindin itatuwa don daga nan ana hango koramar. Wata rana amalanken wani Bafillace ya kafe da buhunan gero, jakin ya durƙusa, mutumin yana ta kiran "Baba Barmo! Baba Barmo!" Ya shige ɗaki ya juya fuska bango. Sai matan gari ne suka je suka sauke buhunan.

Ranar Talata ta biyu Iliyasu ya kafe shi ma, ya iso gari da ƙafa, laka har gwiwa. Ya ce, "Tsoho, ka mutu ne ba a gaya mini ba?" Da aka yi masa bayani ya yi tsaki ya ce, "Sai yanzu ka yi hankali, da haƙoranka sunka zube. To bar mini sauran. Duk tashar Ƙonni sai ta san hanyar ga ta lalace."

Ranar da aka sa, na kwana can don in yi tafinta. Ba a share ko'ina ba, ba a shafa farar ƙasa ba. Hindu ta dama fura duk da haka, ta ce wannan ba ta cikin abin da aka hana. Barmo ya fito da tsohuwar rigarsa, ya zauna kan tabarma ya ba koramar baya. Muka jira. Hantsi ya yi, rana ta take, muka yi azahar. Duk ƙarar da aka ji sai a miƙe, a ga iska ce. Furar ta fara tsami.

Bayan la'asar muka ji mota ta tsaya can ƙetare. Iliyasu ne, shi kaɗai. Ya ratso yashi a hankali, ba zagi, ba tsokana. Tun daga nan na san babu alheri. Ya tsuguna gaban Barmo ya cire hula.

Ya ce da safe baƙin sun tsaya a mararraba shan shayi, direbansu ya tambayi masu tasha labarin hanyar. Shi Iliyasu yana wurin, ya ga dama ta samu. Ya ce musu hanyar ta fi ƙarfin mota, ya nuna musu lakar da ke jikin tasa, ya ce ko jaki sai an ɗauke shi a ka. Sauran direbobi suka kama masa, wani ya ce ai hanyar ta mutu, tunda har Barmo ya ajiye shebur. Direban baƙin ya ce shi ba zai kashe motar mutane ba. Shugabansu ya tambaya mota nawa take bi a mako, aka ce ɗaya. Ya ja layi ya soke sunan Maiyashi a takardarsa, suka juya suka bi ta kadarkon Gidan Wakili.

Iliyasu ya ce, "Wallahi gyara na so in yi. Na bi su ina cewa ku zo ku gani da idonku, ba su tsaya ba."

Na ji kunya ta rufe ni, don shawarar tawa ce. Na fara cewa zan koma Tawa in ga abokina, wataƙila a sake sa rana. Barmo ya ɗaga mini hannu.

Ya ce wa Iliyasu, "Tun muna yara bakinka ya fi motarka gudu." Ya faɗe ta ba tare da dariya ba, amma Iliyasu ya ɗago kai ya mayar da hularsa.

Sannan ya juya wajen Hindu. "Ina kika sa shi?"

Ta nuna rumbu da haɓa. Ni na hau na sauko da shi. Ya karɓa, ya duba bakin, ya ɗauki sandarsa ta caccaka yashi. Ya ce wa Iliyasu, "Motarka tana ƙetare, kuma ba ka kwana nan ka cinye mini tuwo. Taso ka sare mini sabara."

Suka gangara su biyu, tsofaffi, ɗaya yana ɗingishi. Na tuɓe takalmi na bi su. Ya shiga tsakiyar koramar yana soka sanda, taku ɗaya, suka ɗaya, har muka ji ta ce ƙwas a kan dutse. Ya ce, "Ga su nan, ba su tahi ba." Ya miƙa hannu aka ba shi itace, ya kafa.

Ba a yi daɓen ba, ba a kuma sake aiko kowa ba. Barmo ya rasu da rani a 1998, gida shida suka rage a lokacin. Hindu ta koma wajen ɗiyarta a Malbaza. Da na bi hanyar a daminar da ta biyo, na ga wani ya kafa itatuwan sabara a mashigin, sun ɗan karkace daga kan duwatsun. Na tsaya na gyara biyu, sauran ban san inda ya kamata su tsaya ba.